Yadda ake auna tayin aikin tuƙin jirgin sama kafin a sa hannu a kwantiragi

A azumin da ya wuce, ɗan ƙanwata ya same ni a zaure a nan Garwa bayan an sha ruwa, riƙe da takardu shafi goma sha ɗaya da wani kamfanin jiragen sama ya aiko masa. Tun kafin ya gama gaisuwa ya ɗora yatsa a kan adadin da ke shafin farko, ya ce, "Kawu, dubi abin da za su riƙa biyana." Na ce masa, "Ɗana, ajiye wannan shafin tukuna, miƙo mini na bakwai." Na yi shekaru ina tsara jadawalin matuƙa a ofishin wani kamfani, kuma a kan wannan tebur na gane cewa kuɗin da ke shiga aljihun matuƙi a ƙarshen wata yana ɓoye ne a shafukan tsakiya, inda ake maganar awanni, da bashin horo, da hutu, da abin da zai faru ranar da likita ya ce a dakata. Abin da na bi da shi a wannan dare shi zan shimfiɗa a nan, domin samari da 'yan matan Marwa, da Ngaundare, da Kusseri, da Njamena da iyayensu suka sayar da shanu ko fili suka tura su makarantar tuƙi.

Kafin ka auna tayin kamfani, ka fara auna abin da ke hannunka, domin shi ne ƙarfin cinikinka. A ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya mai hedikwata a Montreal ta Kanada, lasisin tuƙin neman kuɗi, wanda ake kira CPL, yana buƙatar awa 200 na tashi, ko 150 ga wanda ya bi cikakken kwas da hukuma ta amince da shi, alhali babban lasisin ATPL, wanda sai da shi ake zama kyaftin a manyan jiragen fasinja, yana buƙatar awa 1,500 da shekara 21 da haihuwa. Tsakanin 200 da 1,500 ɗin nan ne matashi ya fi rauni, kuma kamfanoni sun san da haka sarai, shi ya sa mafi munin sharuɗɗa a nan ake cusa su. Sannan ka tuna cewa lasisin da ka samo daga Zariya, ko Adis Ababa, ko Afirka ta Kudu ba ya aiki kai tsaye a kan kowane jirgi. Ƙasar da jirgin ke da rajista a cikinta ita ce ke ba da lasisi ko ta amince da na waje: jirgin da lambarsa ta fara da TJ na Kamaru ne, hukumar sufurin jiragen sama ta ƙasar, CCAA, ke da magana a kansa, mai TT kuma na Chadi ne, takwararta ADAC ke da magana. Ka tambayi kamfanin wa zai biya kuɗin wannan amincewa, kuma ko albashi zai fara tafiya a makonnin da kake jiran takardar.

Albashin matuƙi kashi-kashi ne, kuma dole ka rarraba shi a kan takarda da hannunka. Akwai tushen albashi, wanda ake biya ko ka tashi ko ba ka tashi ba. Akwai kuɗin awa, akwai kuɗin kwana a waje, wani lokaci kuma da alawus na gida da na mota. Adadin da ake nuna wa sabon ɗauka yawanci jimillar duk waɗannan ne a watan da komai ya tafi daidai, wato jirage duka lafiya, fasinja sun cika, babu hazo. Irin wannan wata ba ya zuwa sau goma sha biyu a shekara.

Ga lissafin da na yi wa ɗan ƙanwata a bayan ambulan, da alkaluman da na ƙirƙira don misali kawai. A ce kamfani na farko ya ba ka sefa miliyan ɗaya da rabi a wata a tsaye. Na biyu kuma ya ba ka sefa 700,000 tushe, da sefa 15,000 a kan kowace awa, ya ce maka matuƙansa suna yin awa 70 a wata. Idan aka haɗa, na biyu ya kai sefa 1,750,000, ya zarce na farko. Amma ranar da ɗaya daga cikin jirage biyun da kamfanin ke da su ya kwanta yana jiran kayan gyara daga Turai, awanninka suka sauko zuwa 20, abin da za ka karɓa miliyan ɗaya ne cif, kuma kuɗin haya da bashin makaranta ba za su sauko tare da shi ba. Saboda haka tambayar da ta fi kowace muhimmanci a wannan fanni ita ce: awa nawa kamfanin ya lamunce zai biya a wata ko da ba a tashi ba? Idan babu wannan lamuni a rubuce, to ka ɗauki tushen albashin kaɗai a matsayin abin da aka yi maka tayi, sauran kuwa tsuntsun sama ne.

Daga nan sai ka binciki abin da kamfanin ke nufi da kalmar awa. A mafi yawan wurare ana ƙirga ta ne daga lokacin da jirgi ya fara motsi daga wurin tsayawarsa zuwa lokacin da ya tsaya cak a inda ya sauka. Duk abin da ke wajen wannan, kamar zuwa da wuri don duba yanayi da takardun mai, da zagaya jirgi a duba shi, da jiran fasinja, aiki ne da ake yi ba tare da agogon kuɗi yana tafiya ba. A yankinmu wannan ba ƙaramin abu ba ne. Na taɓa ganin matuƙa biyu sun zo aiki da asuba a watan Janairu, hazo ya rufe Marwa, suka zauna a ɗakin jira da kakinsu suna shan shayi suna leƙa rahoton yanayi kowane rabin awa, har bayan azahar aka soke tafiyar. Da na zo cika takardarsu a ranar, a gurbin awannin aiki na rubuta takwas, a gurbin awannin biya kuma na rubuta sifili, domin haka kwantiraginsu ya tanada. Kamfanin da ya san ya kamata yakan sa mafi ƙarancin abin da za a biya a kan kowace ranar aiki, ya kuma fayyace yadda ake biyan ranar zaman ko-ta-kwana, da ranar da aka ɗauke ka a matsayin fasinja zuwa wani gari don ka karɓi jirgi a can, da ranakun horo. Wanda ke tuƙa gajerun tafiye-tafiye, irin Garwa zuwa Yawunde ko Njamena zuwa Abeche, shi wannan ya fi shafa, tunda yana iya wuni a bakin aiki ya tashi da awa uku ko huɗu kacal a littafinsa.

Ka duba kuma da wane kuɗi za a biya ka. Sefa tana ɗaure da yuro a kan sefa 655.957 kowane yuro ɗaya, saboda haka wanda bashinsa na yuro ne albashinsa kuma na sefa, ya san abin da zai biya bana da baɗi. Wanda ya ci bashi da dala ba shi da wannan kwanciyar hankali. Wanda kuwa ya tsallaka Najeriya neman aiki, ya tambayi waɗanda ke karɓar albashi da naira yadda suka ji bayan da aka saki darajarta a watan Yunin 2023. Idan kwantiragi ya ambaci dala amma za a biya da kuɗin gida, to a rubuta canjin da za a bi da ranar da za a ɗauke shi.

Yanzu sai shafi na bakwai, wanda na ce ɗan ƙanwata ya miƙo mini. Kowane babban jirgi yana da shaidar ƙwarewa tasa ta daban, ta yadda wanda ya iya Boeing 737 ba zai hau Dash 8 ya tuƙa ba sai ya sake kwas da jarrabawa. Kwas ɗin yana cin miliyoyin sefa, kuma galibi a ƙasar waje ake yin sa, inda ake da na'urar kwaikwayon jirgin. Hanya uku ake bi wajen biyansa. Wani kamfani yakan biya ya ɗaure ka da alƙawarin zama na wasu shekaru, wani yakan biya ya riƙa cira daga albashinka, wani kuma yakan ce ka je ka biya da kanka ka dawo. Hanya ta farko ba laifi ba ce a kanta, domin wanda ya kashe dukiya a kanka yana da haƙƙin ya ci moriyarta. Abin dubawa shi ne ko bashin yana raguwa wata-wata, ko kuwa yana nan a cike har ranar ƙarshe. Ko adadin ya yi daidai da ainihin kuɗin kwas ɗin, wanda za ka iya tambaya a cibiyar horon da kanka. Da kuma abin da zai faru idan kamfanin ne ya sallame ka, ko ya daina biyan albashi, ko ya rufe. A takardar ɗan ƙanwata an rubuta cewa zai biya dukan kuɗin "idan aiki ya ƙare bisa kowane dalili". Wannan jimla tana nufin ko kamfanin ya yi wata huɗu bai biya shi ba, ya gaji ya tafi, shi ne mai bashi a wuya. Ita muka fara neman a gyara.

Kada wani ya ce maka rufewar kamfani abu ne mai nisa. Air Afrique ta durƙushe a 2002, Cameroon Airlines ta tsaya a 2008 kafin Camair-Co ta fara tashi a 2011, Tchadia Airlines kuma, wadda aka kafa a 2018 da hannun jarin kamfanin jiragen saman Habasha na kashi 49 cikin ɗari, an rushe ta a 2022. Matuƙin da kamfaninsa ya tsaya ba albashi kaɗai yake rasawa ba. Ƙa'ida ta ce sai ya yi tashi uku da sauka uku a cikin kwana 90 kafin ya ɗauki fasinja, ana kuma gwada ƙwarewarsa sau biyu a shekara, kuma duk wannan kamfani ne ke ɗaukar nauyinsa. Idan ya zauna a gida wata shida ko shekara, takardunsa sukan mutu ɗaya bayan ɗaya, kuma farfaɗo da su daga aljihunsa ne.

Akwai kuma tayin da ake juya lamarin gaba ɗaya, a ce matashi ya biya kamfani don a bar shi ya zauna a kujerar mataimaki ya tara awanni. A ganina wannan ciniki ne da ya kamata a guje masa ko da ƙishirwar awanni ta kai ina, domin wanda ya sayi kujerarsa ba ya iya buɗe baki ya ce jirgi ba shi da lafiya, kuma ranar da awannin da ya saya suka cika akwai wani a bayansa da kuɗi a hannu.

Batun hutu shi ne inda iyaye ba su cika kula ba, alhali shi ne rayuwar matuƙi ta yau da gobe. Kowace ƙasa tana da iyakar awannin da ta kafa, kuma kamfani yana rubuta tasa a littafin ayyukansa da hukuma ta sa wa hannu. Ka nemi a nuna maka wannan babi. Don ka sami ma'auni, ga abin da dokar Tarayyar Turai ta tanada: tashi kada ya wuce awa 100 a kwana 28 a jere, ko 900 a shekara; aiki gaba ɗaya kada ya wuce awa 60 a kwana bakwai; wunin aiki mafi tsawo awa 13 ne, yana kuma raguwa idan saukar ta yi yawa ko aikin ya shiga tsakiyar dare, tsakanin ƙarfe biyu da shida na asuba, lokacin da jiki ya fi neman barci; hutu a gida kuma aƙalla awa 12, a waje awa 10. Amurka ta tsaurara nata dokokin ne bayan haɗarin jirgin kamfanin Colgan kusa da garin Buffalo a Fabrairun 2009, inda mutum 50 suka rasu, aka kuma yi ta muhawara a kan gajiyar matuƙa da ƙarancin albashinsu. Idan abin da aka nuna maka ya yi nesa da waɗannan alkaluma, ka tambayi dalili.

Sai dai ni da na riƙe jadawali na san cewa doka a takarda daban, yadda ake tafiyar da ita daban. Ana iya cika kowace ƙa'ida a kuma gajiyar da mutum, ta hanyar jera masa tashin asuba kwana biyar, ko a sauya masa jadawali da dare ta waya, ko a ajiye shi a masaukin da wuta ke ɗaukewa a watan Afrilu, lokacin da zafin Garwa da Njamena ke haura digiri 40, sannan a rubuta cewa ya huta awa goma. Doka takan ba kyaftin izinin ƙara lokaci kaɗan idan wani abu ya taso ba zato, amma a wasu wurare ofis yakan mai da wannan izini abin kullum. Saboda haka ka tambayi kwana nawa kafin wata ya kama ake fitar da jadawali, ranakun hutu nawa ne ba a taɓawa, da kuma abin da ke samun wanda ya kira ya ce ya gaji ba zai iya tashi ba. Amsar wannan ta ƙarshe ba a ofishin ɗaukar ma'aikata ake samunta ba. Ka nemi mataimakin matuƙi da ya shekara biyu a wurin, ko wanda ya bar aikin, ka zauna da shi a kan shayi. A nan ne kuma za ka ji ko albashi yana fita a kan lokaci, da ko kuɗin kwana ana ba da shi kafin tafiya ko sai an yi wata uku ana bin sa.

Ka tambayi yadda ake hawa daga kujerar dama zuwa ta hagu, wato daga mataimaki zuwa kyaftin, domin a nan albashi ke yin babban tsalle. A kamfanonin da ke bin jerin daɗewa, lambarka a wannan jeri ce ke yanke lokacin da za a gwada ka, da ranakun hutun da za ka samu, har da ko za ka yi Sallah a gida. Kuma idan ka sauya kamfani ka koma ƙasan layi. A ƙananan kamfanoni kuwa sau da yawa babu rubutaccen tsari, sai a ɗauko kyaftin daga waje a kan albashi mai tsoka alhali 'yan gida da awanninsu suka cika suna zaune. Garin da za a ajiye ka ma a rubuta shi, tare da wanda zai biya kuɗin ƙaura idan aka mai da kai Duwala daga Garwa. Lokacin jigilar alhazai aiki yakan ninku, ka ji yadda ake biyan ƙarin.

Lasisinka duka yana rataye ne a kan takardar likita mai daraja ta ɗaya, wadda ake sabuntawa kowace shekara, ta koma kowane wata shida idan mutum ya kai 60, kuma a 65 ake ajiye tuƙin jiragen fasinja tsakanin ƙasashe. Hawan jini, ko ciwon suga, ko matsalar zuciya ko ta ido na iya tsayar da mutum yana ɗan shekara 35, da bashi a kansa da iyali a gida. Akwai inshora ta musamman da ke biyan matuƙin da ya rasa lasisi saboda rashin lafiya. Ka tambaya ko kamfanin yana da ita, nawa take biya, kuma wata nawa za a ci gaba da ba ka albashi kana jinya. Mace ta ƙara da tambayar abin da za a biya ta a watannin da juna biyu ya hana ta tashi, da yadda za a mai da ita kujerarta bayan haihuwa. Haka nan shaidar Ingilishi: matakin ICAO na huɗu shi ne mafi ƙaranci, kuma ana sake jarrabawarsa bayan 'yan shekaru, abin da ya fi damun waɗanda suka yi karatu da Faransanci ko Larabci, don haka a san wa ke biyan kuɗinta.

A ƙarshen takardar akwai layin da ke faɗin dokar ƙasar da za a bi idan rigima ta taso. Idan kamfanin Kamaru ne ya ɗauke ka kai tsaye, dokar ƙwadago ta 1992 ce ke kare ka: kwantiragi mai wa'adi ba ya wuce shekara biyu, sau ɗaya ake sabunta shi, lokacin gwaji dole ya kasance a rubuce, kuma ana fara kai ƙara gaban sufeton ƙwadago don sulhu kafin kotu. A Chadi dokar ƙwadago ta 1996 ce. Amma matuƙa da yawa, musamman masu aiki a jiragen haya da ke jigilar ma'aikatan agaji ko na kamfanonin mai, ta hannun dillalin ma'aikata da ke wata ƙasa ake ɗaukarsu, wani lokaci ma a rubuta su a matsayin masu zaman kansu. Mai irin wannan takarda ba shi da hutun shekara na doka, ba shi da kuɗin sallama, kuma idan aka cuce shi kotun da zai je tana iya kasancewa a wata nahiya. Ka tabbatar an yi maka rajista a CNPS, wato hukumar fanshon ma'aikata, ka kuma je da kanka ka duba ko ana zuba kuɗin da ake cira, domin cira daban, zubawa daban. A Kamaru ana lissafin kuɗin fansho ne a kan albashin da bai wuce sefa 750,000 a wata ba, wato duk abin da kake samu sama da haka ba ya ƙara maka fansho, sai ka yi wa kanka tanadi.

Idan ka gama duk wannan, ka rubuta gyare-gyaren da kake so a takarda guda, kada su wuce uku ko huɗu, ka aika cikin ladabi, ka nemi amsa a rubuce, domin alƙawarin baki na shugaban matuƙa yana tafiya tare da shi ranar da aka sauya shi. Ɗan ƙanwata abu uku ya nema: a riƙa rage bashin horo wata-wata, a soke shi idan kamfanin ne ya saɓa, a kuma lamunce masa awa 50. Sun amince da biyun farko, suka ƙi na uku, ya sa hannu bayan Sallah da mako biyu. Ranar da zai tafi na ba shi jakar takardu, na ce ya riƙa zuba kwafin jadawalin kowane wata, da takardar albashi, da hoton kowane shafi na littafin awanninsa bayan an buga masa hatimi, ya kuma bar kwafi ɗaya a gida wurin mahaifiyarsa.